Wa Ke Buƙatata? Lacca a Kan Jin Daraja



 

An ce in yi magana a kan darajar mutum a wurin kansa, da dalilin da ya sa kowane ɗan Adam yake da ƙishirwar ya ji shi ma wani ne. Ba zan ɓata muku lokaci wajen tabbatar da cewa ƙishirwar tana nan ba. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya kwana da yunwa don kada ya buɗe baki ya roƙi maƙwabcinsa, ya san akwai abin da mutum yake tsaro fiye da cikinsa. Addu'ar da muka fi yi wa juna ma ai ta rufin asiri ce. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne inda wannan jin yake fitowa, da abin da ke kashe shi. Ra'ayina, kuma kuna da damar ku ja da ni in an zo tambayoyi, shi ne mutum ba ya jin yana da daraja sai akwai abin da yake bayarwa, ana karɓa daga hannunsa, kuma an san daga wurinsa ya fito.

Bari in fara da maganin da aka gwada bai yi ba, domin shi ake ta tallata mana yanzu a waya. A 1986 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa kwamiti na musamman don ɗaga darajar mutane a idon kansu. Wani ɗan majalisar jihar, John Vasconcellos, shi ya tsaya kai da fata sai da aka yi. Tunaninsa shi ne raina kai ne tushen faɗuwa a makaranta, da shaye-shaye, da aikata laifi, da zaman jiran tallafin gwamnati. In aka sa yara suka riƙa ganin kansu da kima, an yi musu rigakafin duk waɗannan. Makarantu suka ɗauka. Aka shiga yabon yaro ko ya yi abin yabo ko bai yi ba. A 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa uku suka zauna suka tace binciken da aka tara a kan lamarin, sai suka ga an ɗaura keken a gaban doki: yawanci nasarar ce take zuwa da fari, ganin kima ya biyo bayanta. Sun yarda cewa mai ganin kimar kansa ya fi walwala, ya fi ƙarfin halin fara abu. Amma ɗura wa yaro yabo bai ƙara masa maki a jarrabawa ba, kuma da yawa daga masu cin zalin 'yan uwansu ba raina kansu suke yi ba, cike suke da kansu. A 2009 kuma Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta sa ɗalibai su riƙa maimaita wa kansu cewa su abin so ne. Waɗanda dama suke raina kansu, wato waɗanda aka yi maganin dominsu, sai suka fito ransu ya fi ɓaci. Kakanninmu ba su yi wannan gwaji ba, amma sun riga sun ce yabon kai jahilci.

Me ya sa haka? Wani masani, Mark Leary, ya kawo bayani a 1995 wanda na fi gamsuwa da shi. Ya ce jin daraja ma'auni ne da ke cikin mutum, yana nuna masa matsayinsa a wurin jama'a, kamar allurar da ke nuna mai a mota. In allura ta kwanta, tanki ne ya bushe. Kana iya sa yatsa ka tura ta sama, amma motar ba za ta kai ka Wudil ba. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: mene ne man?

A nan zan ɗauke ku zuwa wani ƙauye a ƙasar Ostiriya, kusa da Biyana, sunansa Marienthal. Kusan kowa a garin da masaƙa ɗaya ya dogara. Tsakanin 1929 da 1930 masaƙar ta rufe, kusan kashi uku cikin huɗu na gidajen garin suka koma cin tallafin marasa aiki. Wasu matasan masana, Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, suka shiga garin da tawagarsu, suka fitar da littafi a 1933. An yi zaton mutanen da suka sami lokaci haka za su cika ɗakin karatu, ko su cika tarukan siyasa, ko su yi bore. Ba ko ɗaya. Aron littattafai ya ragu da kusan rabi, alhali an daina karɓar kuɗin aro. Lambun shaƙatawa da suke alfahari da shi ya zama saura, ga kuwa ɗaruruwan maza babu abin yi. Masu binciken har agogo suka riƙe suna auna tafiyar mutane a babban titin garin, suka ga maza sun koma jan ƙafa, su taka kaɗan su tsaya. Mata ba su yi haka ba. Su har yanzu akwai tukunyar da ke jiransu, akwai yaran da za a yi wa wanka. Talauci ɗaya suke ciki da mazajensu, amma su ana buƙatarsu.

Wanda ya san Kakuri a Kaduna ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo bayanta, har unguwanni suka tashi da jiniyar canjin aiki. Rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri suka haɗu suka durƙusar da su. Ta farkon ta rufe a 2002, babbar cikinsu, UNTL, ta tsaya a 2007. Irin haka ya faru a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Idan ana lissafin asarar, albashi ake lissafawa. Ba a lissafa mutumin da shekara ashirin yana shigowa gida da leda a hannu, yara su ruga su karɓa, yanzu kuma sai ya tsaya a majalisa har dare ya raba don kada ya shigo hannu rabbana idonsu biyu. Ƙaninsa yana aiko masa da buhun masara duk wata, ba yunwa yake kwana da ita ba. Amma ku dube shi bayan shekara biyu, ya tsufa. Zaman kashe wando ba wando kaɗai yake kashewa ba.

To, a nan ne nake ganin al'adarmu ta yi zurfin tunanin da ba mu cika yaba mata ba. Ku duba yadda aka tsara kyauta a ƙasar Hausa. Attajiri ya aiko wa talaka da turmin atamfa, ko da ƙafar rago ranar Salla. Talakan nan ba zai bari ɗan aike ya juya haka ba, sai ya laluba aljihu ya ba shi tukwici. Kuɗin ba su kai komai ba, kuma ba su koma wurin attajirin ba ma. Amma a wannan ɗan lokaci, wanda aka yi wa kyauta shi ma ya zama mai kyauta. Maƙwabciya ta aiko da tuwo, ba a mayar mata da kwano wayam. Ko gyaɗa ce, ko 'yar kuka, sai an saka. Mata kuma suna da biki, inda ƙawa take kawo gudummawa ranar suna ko aure, a riƙe lissafi, ranar nata a mayar mata har da ƙari. Baba ta Karo ta yi wa Mary Smith bayanin irin wannan ƙawance a littafin da ya fito a 1954. Mai kallo daga waje zai ce wahala ce kawai, kaya na zagayawa babu riba. Ribar ita ce babu wadda aka bari a matsayin mai karɓa kurum. Haka gayya take: yau an taru a gonarka, gobe da fartanyarka za ka je ta wani, saboda haka ba ka sunkuyar da kai don an taimake ka.

Masanin Faransa Marcel Mauss, a littafinsa kan kyauta na 1925, ya lura cewa kyautar da ba a iya ramawa tana ƙasƙantar da wanda ya karɓa, har ya ambaci Hausawa a wurin da yake magana a kan sadaka. Addini kuwa ya riga shi. A Suratul Baƙara an gargaɗi mai sadaka cewa gori da cutarwa suna ɓata ta, an kuma nuna cewa ɓoye ta ya fi. Ku duba kuma zakkar fid da kai. Ba a ce sai mai nisabi ba. Duk wanda yake da abin da ya wuce abincin yininsa da na iyalinsa, zai auna mudun Annabi huɗu a kan kowane kai ya fitar. Sau ɗaya a shekara, mai turin baro da mai kantin kwari suna tsayawa a sahu ɗaya na masu bayarwa. Ni ina ganin wannan ba ƙaramar hikima ba ce.

Yanzu ku kwatanta da yadda muke rabon tallafi a yau. A tara zawarawa da marayu tun hantsi a cikin rana, a jera su, a ɗora wa kowa ƙullin shinkafa mai hoton mai bayarwa, a ce ta ɗaga sama ta kalli kyamara. Kafin ta isa gida hotonta ya riga ta zuwa Facebook, surukanta sun gani, kishiyar 'yarta ta gani. Shinkafar za ta ƙare cikin kwana uku, hoton yana nan. Ba ina cewa a daina rabo ba. Mai jin yunwa abinci yake so, ba laccata ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a irin wannan taro akwai wanda ya zo neman jin daraja, kuma ba matar da ke cikin layi ba ce. Da mutuncinta aka biya masa buƙatarsa.

Akwai wasu bayin Allah da lamarinsu ya fi kowanne fito da abin da nake faɗa fili, su ne mata masu yoyon fitsari. Yarinya ta yi kwana biyu ko uku tana naƙuda a gida, kan jariri ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har ya mutu ya huje. Galibi jaririn ba ya rayuwa. Ita kuma ta tashi fitsari yana zuba ba dare ba rana. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, wanda asalinsa na kutare ne, wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke irin waɗannan mata tun a shekarun 1980, ya yi wa dubbai aiki, ya koyar da likitocinmu da yawa. Yau wurin cibiya ce ta ƙasa. Akwai irinta a Kano, akwai a Danja kusa da Maraɗi. Aikin tiyatar sau da yawa yana yin kyau. Amma ku tambayi kanku me ake fara ƙwace wa mace in wannan lalura ta same ta. Ba a hana ta abinci. Girki ake hana ta. A ware mata kwano da ɗaki, a daina cin abin da hannunta ya taɓa, a daina ba ta goyo, a daina gayyatarta biki. Ana ciyar da ita, an rufe duk ƙofar da wani abu zai fito daga gare ta. Wasu har salla suke bari don suna zaton ba su da tsarki, alhali littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure sun yi sauƙi ga mai yoyon da ba ya yankewa, alwalarsa tana nan. Malamai, wannan naku ne, ku riƙa faɗa a wa'azi mata su ji. Wannan wariya ce ta sa masu kula da su suka gane cewa ɗinki kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da koyon sana'a, saƙa ko ɗinki ko yin sabulu, don ta koma garinsu da abin da wani zai zo ya yi sallama ya nema a wurinta.

Na san akwai wanda yake shirya min tambaya a ransa: Malam, in amfani ne ke kawo daraja, ai bawa ya fi kowa amfani. Gaskiya ne, kuma dalilin da ya sa na ce sai an san daga wurinsa abin ya fito ke nan. 'Yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye ita ke tashi kafin kowa, ita ke kwanciya bayan kowa, gidan ba zai yini ba tare da ita ba. Amma ba a kiran sunanta, "ke" ce. Kuɗin aikinta wata ce ke zuwa ta karɓa. In baƙi sun yaba girki, uwar gida ce ke amsawa. Wannan ba ta bayar ba, an tatsa ne. Haka almajirin da ke wanke-wanke don ɗan ƙanzo. Aiki yana zama bayarwa ne in mai yinsa yana da ikon ya ƙi, kuma in ya yi a ce masa sannu.

Makaɗanmu sun san wannan. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1957 yadda roƙo yake tabbatar da matsayin kowa a cikin al'umma, kuma gaskiya ne mafi yawan kirari mai sarauta da mai kuɗi ake yi wa. Yabo ne na sayarwa, kowa ya sani. Wanda ya yi liƙi ya san abin da ya saya, shi ya sa gobe ma sai ya sake. Amma manomi yana da makaɗinsa a bakin kunya, mahauci yana da kalangu, maƙeri da ɗan dambe kowa da nasa. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ke kwana a kan kaya, yake sa waigi a taya, wanda ba shi da abin da zai liƙa wa kowa. Waƙar ba ta ƙara masa ko kwabo ba. Ta dai sanar da duniya cewa an ga wahalarsa, kuma motar ba ta tafiya sai da shi.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Wanda ba shi da abin bayarwa fa? Tsohon da ya kwanta, wanda shanyewar jiki ta kama, mai taɓin hankali? A nan dole mu raba abu biyu. Samun daraja daban, jin ta daban. Ta farko ba a aiki take ba. Aya ta 70 a Suratul Isra'i ta tabbatar da cewa Allah ya karrama 'ya'yan Adamu, ba a ware mai lafiya ko mai sana'a ba. Wannan babu mai ba ka, babu mai ƙwacewa, kuma duk al'ummar da ta fara auna mutane da amfaninsu kawai ta kama hanyar zubar da tsofaffinta. Amma mutum yana iya mallakar abu bai ji shi a jikinsa ba, kuma jin nan a hannun mutane yake. Ku tuna Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa. Ayoyin sun tabbatar da matsayinsa. Sai kuma me ya biyo baya? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ajiye shi a gefe ana tausaya masa ba. Ya sa shi kiran salla tare da Bilal, kuma ba sau ɗaya ba ya bar shi yana yi wa mutanen Madina limanci in an fita yaƙi. An ba shi aiki, aikin da in bai yi ba za a ji.

Mu ma muna da irin namu. A manyan garuruwanmu akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, da fadawansu, suna sasanta rigima, suna karɓar baƙi, suna da bakin magana a fada. Kuna iya cewa sarautar bara ce, kuma ni ma ba na son a tsaya nan. Makaho na yau makaranta yake buƙata da aikin ofis. Amma wanda ya ƙirƙiro ta ya fahimci cewa mutum yana son a kawo masa ƙara, ba kullum shi ke kai wa ba. Tsohuwar da ba ta iya tashi kuwa, ai ita ake kai wa jariri ta sa masa albarka, ita ake durƙusa wa kafin tafiya a ce, "Inna, a yi mana addu'a." Kada ku ɗauki wannan al'ada wasa. Ɗan da yake turo wa mahaifinsa kuɗi ta waya duk wata, amma ya yanke auren 'yarsa bai nemi shawararsa ba, ya ciyar da shi, ya kuma sanar da shi cewa zamaninsa ya wuce. In kun je gaishe da tsoho ya miƙo muku goro ɗaya daga ƙarƙashin matashi, ku sa hannu biyu ku karɓa, kada ku ce, "A'a Baba, bar shi." Na sha ganin ana yin haka da sunan tausayi.

Saura ku, ƙannena ɗalibai. Da yawanku za ku gama karatu, ku yi bautar ƙasa, ku dawo ɗakin da kuka bari, kuna karɓar kuɗin kati a hannun Hajiya. Za a ce muku cima-zaune, wani lokaci da baki, wani lokaci da ido. Masu wa'azin cin nasara a waya za su ce ku tsaya gaban madubi ku gaya wa kanku ku zakaru ne. Kun ji abin da aka gano a Waterloo. Ba ni da aikin da zan ba ku, kuma ba zan raina muku hankali in ce rashin aiki laifinku ne ba. Abin da na sani shi ne kafin albashi ya zo, akwai yara a layinku da ba su iya haɗa baƙi ba, akwai dattijon da ba ya iya karanta takardar asibiti, akwai kwatar da ke cika duk damina. Wanda yara goma suke jira da ƙarfe huɗu yana da dalilin yin wanka da ƙarfe uku. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu kuma manya, akwai abin da ya kamata ya hana mu barci. Yaron da aka kora daga makaranta, gida ana ce masa ba shi da amfani, unguwa ana nuna shi da baki, wa ke fara zuwa ya ce masa, "Ina nemanka, akwai aiki"? Kun san shi. Yana zuwa ne gab da zaɓe, da mota mai baƙin gilashi. Ya san sunan yaron, har da laƙabinsa. Ya ba shi riga, ya ba shi yara biyar a ƙarƙashinsa, ya ce wannan akwatin a hannunka yake. Muna kiransu 'yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, muna cewa ƙwaya ce da 'yan kuɗin da ake watsa musu. Ƙwaya tana ciki, kuɗi suna ciki. Amma kuɗin ba su kai a mutu a kansu ba, kuma yaran sun san haka. Abin da ya riƙe su shi ne a duk faɗin garin, mutum ɗaya ne ya taɓa nuna musu cewa in ba su zo ba, wani abu zai lalace. Hukuma tana kama su, tana aske musu kai, tana jera su gaban 'yan jarida da wuƙaƙensu, wani lokaci a sa su rantse da Alƙur'ani an tuba. Bayan sati biyu sun koma unguwar da har yanzu babu wanda yake da aikin da zai ba su sai mai motar baƙin gilashin nan.

Shugaba, na ga ana miƙo min takarda, lokaci ya yi. A nan zan dakata, a buɗe fagen tambayoyi.